Zuciyar Roba Mai Waya da Marar Waya: Wacce Ta Cancanci a Zaɓa?

Duk zuciyar robar da likita zai iya saka wa mutum a yau, a kowane asibiti a duniya, akwai abin da ke fitowa daga jikinta ya huda fatar ciki ya leƙo waje: ko dai waya mai ɗauke da wutar lantarki, ko bututu mai ɗauke da iska. Wadda aka binne gaba ɗayanta a cikin jiki, babu huda babu waya, iri ɗaya tak, mai suna AbioCor, aka taɓa saka wa ɗan Adam. Mutum 15 suka samu, daga nan aka daina ƙera ta. Labaran da ke yawo a Facebook da WhatsApp sukan nuna hoton wani dunƙulen ƙarfe mai sheƙi su ce an gama, yanzu sai mutum ya canja zuciya ya koma kasuwa. Iyalin da aka gaya wa cewa zuciyar ɗan'uwansu ta gaza, magani ya daina ci, har suna shawarar fita da shi Indiya ko Jamus ko Amurka, suna bukatar bayanin da ya fi wannan.

Aikin da ake so injin ya yi ba ƙarami ba ne. Zuciya tana bugawa kimanin sau dubu 100 a yini, wato wajen sau miliyan 35 zuwa 40 a shekara, kuma tana tura kusan lita biyar na jini a minti guda ko da mutum yana kwance. Famfo biyu ne kuma a haɗe. Na dama yana kai jini huhu a sanyaye, na hagu yana harba shi zuwa sauran jiki da ƙarfin da ya ninka na dama sau huɗu ko biyar. Jinin da ke komawa hagu ma ya ɗan ɗara na dama, domin wasu ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da huhun kansa a hagu suke zubewa kai tsaye. Injin da bai yi lissafin wannan ɗan bambancin ba zai cika huhu da ruwa cikin ƙanƙanin lokaci. Shi kuma jini ba ya son baƙo. Da ya taɓa roba ko ƙarfe sai ya fara neman daskarewa, idan kuma aka matsa masa da juyi ƙwayoyinsa su farfashe.

Sai maganar wuta, wadda ita ce uwar matsalar. Mutane kan ce, ai na'urar daidaita bugun zuciya da ake sakawa ƙarƙashin fatar ƙirji tana shekara goma da batir ɗaya, me zai hana wannan? Waccan tsikarar zuciya kawai take yi, tsokar mutum ce ke aikin. Famfon da zai tura jini da kansa yana shan wat huɗu zuwa biyar idan taimako kawai yake yi, idan kuma shi ne zuciyar ɗungurungum ya kan kai wat goma ko fiye, dare da rana, babu hutun minti ɗaya. Babu batirin da zai shiga cikin mutum ya ɗauki wannan nauyi fiye da 'yan sa'o'i. Gwamnatin Amurka ta taɓa zuba kuɗi, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970, a kan zuciya mai aiki da makamashin nukiliya na sinadarin fulutoniyom, aka watsar saboda haɗarinsa. Don haka wutar dole daga waje za ta zo, kuma tambayar ita ce ta ina za ta shiga.

Injunan kansu gida biyu ne. Akwai masu aiki irin na zuga-zugin maƙera: fata ta lotsa ta cika, ta matse ta fitar, bawul ya buɗe ya rufe, mutum ya ji bugun jini a wuyan hannunsa. Akwai kuma masu aiki irin na injin ban ruwa na fadama: farfela ce ke juyawa ba tsayawa, jini yana kwarara a miƙe. Na farko sun fi kama da halitta, amma duk abin da ke lanƙwasawa sau miliyan 40 a shekara wata rana zai tsage. Na biyu ƙanana ne, ba su da hayaniya, ba su da abin tsagewa, sai dai jiki bai saba da jinin da ba ya bugawa ba.

Tsohuwar da ta ƙi mutuwa

A 1969 Dakta Denton Cooley ya fara saka wa mutum zuciyar roba a Houston, ta riƙe shi sa'a 64 kafin a samu ta ɗan Adam. Wadda duniya ta fi sani ita ce Jarvik-7, da Dakta William DeVries ya saka wa wani likitan haƙori, Barney Clark, a jihar Utah ranar 2 ga Disamba 1982. Ya yi kwana 112, ɗaure da wani injin iska mai nauyin kilo kusan 180. Jikanyar wannan na'ura ita ce SynCardia, da ake ƙerawa a Tucson ta jihar Arizona, kuma har gobe ita ce zuciyar roba cikakkiya da aka fi sakawa: ta haura mutum 2,000.

Ba ta da mota, wato injin juyawa, a ciki, ba ta da batir a ciki, ba ta da ko ɗigon lantarki a cikin ƙirji. Kwanon roba biyu ne, da bawul huɗu, da bututu biyu da suka fito ta ciki zuwa injin da ke hura iska yana zuƙewa. Wannan sauƙin shi ne ƙarfinta. Yawancin abin da zai iya lalacewa yana waje, inda za a canja shi cikin daƙiƙu ba tare da an fede mutum ba. Binciken da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da ita a 2004 ya nuna kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka saka wa sun rayu har aka yi musu dashen zuciya, alhali kashi 46 ne kawai suka kai a cikin waɗanda ba a saka wa ba. Yanzu akwai ƙaramin injin hurawa mai nauyin kilo shida da ake goyawa a jaka. Wani matashi a jihar Michigan, Stan Larkin, ya yi kwana 555 babu zuciyar ɗan Adam a ƙirjinsa, yana yawo da jakar a baya, har yana ɗan taɓa ƙwallon kwando, kafin a yi masa dashe a 2016.

Amma kuɗin sauƙin nan mai ciwo ne ke biyansa. Huda biyu ne a ciki maimakon ɗaya, kuma bututun iska sun fi waya kauri. Ƙarar injin ba ta ɓuya, wanda ke zaune a ɗaya gefen ɗaki ma yana jin bugunta dare da rana. Mai ɗaukar mililita 70 na jini tana bukatar faffaɗan ƙirji, kusan santimita goma tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, shi ya sa aka yi ƙarama mai mililita 50 da aka amince da ita a 2020 domin mata da masu ƙaramin jiki. Izininta kuma na gada ne kawai, wato a riƙe mutum kafin zuciyar dashe ta samu. Wanda ba ya cikin layin dashe, wannan ba tasa ba ce.

Wadda ta rufe fata gaba ɗaya

AbioCor ta kamfanin Abiomed ita ce abin da ake nufi idan aka ce zuciyar lantarki da aka binne ɗungum, kuma ta cancanci a tsaya a kanta, domin duk wanda ke ƙoƙarin ƙera irinta yau darasinta yake bi. Ranar 2 ga Yuli 2001 likitoci Laman Gray da Robert Dowling suka saka ta farko ga Robert Tools a Louisville ta jihar Kentucky. Abubuwa huɗu aka binne masa: zuciyar kanta, ta ƙarfen titaniyom da roba ta musamman, mai nauyin kusan kilo guda, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa ta, batirin ciki, da wani naɗin waya mai faɗi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin fata.

Wannan naɗin shi ne sirrin. Ana manna masa wani naɗin daga waje, a kan fata daidai saitinsa. Wutar da ke gudana a na wajen tana haifar da maganaɗisu mai sauyawa, shi kuma ya tsallaka fata ya haifar da wuta a na cikin. Wannan ita ce dabarar da wayoyin salula masu caji ba da igiya ba suke amfani da ita. Fata tana nan a rufe, ƙwayar cuta ba ta da ƙofa. Batirin ciki yana riƙe mutum kimanin rabin sa'a, daidai ya cire komai ya yi wanka. Na waje, wanda ake ɗaurawa a ƙugu, yana kaiwa wajen sa'a huɗu.

Injiniyoyin sun yi wata dabara da nake ganin ba a yaba musu a kanta yadda ya kamata ba. Duk famfon da ke lotsawa yana cika a cikin rufaffen jiki yana bukatar wurin da iskar bayansa za ta koma. Su sai suka sa mota ɗaya a tsakiya tana tura wani ruwa mai santsi hagu da dama bi da bi: idan ɓangaren hagu yana fitar da jini, na dama yana cika, haka nan akasin haka. Da wannan suka kauce wa saka wata jakar iska ta daban. Famfon taimako na LionHeart, wanda aka fara sakawa a Bad Oeynhausen ta Jamus a 1999, shi ma marar waya ne, amma da irin wannan jakar ya zo, kuma iskarta tana tsiyayewa a hankali sai an riƙa ƙara ta da allura lokaci-lokaci. Shi ma bai yi nisa ba.

To me ya kashe AbioCor? Ba hanyar wutar ba ce, wannan kam ta yi aiki, kuma ƙwayar cuta ba ta zama babbar matsala ba. Girma ne na farko: ba ta shiga ƙirjin yawancin mata, har da maza da dama. Na biyu gudan jini, wanda ya jawo wa da yawa cikinsu shanyewar ɓarin jiki. Tools ya yi kwana 151, ya rasu bayan ya gamu da shanyewar jiki da zubar jini a ciki. Wanda ya fi daɗewa, Tom Christerson, ya koma gida ya yi kwana 512, kuma abin da ya yi ajalinsa shi ne fatar robar da ke lanƙwasawa ta gaji ta lalace. A yi adalci dai: mutum 14 na gwajin duk waɗanda ake sa ran ba za su wuce wata guda ba ne, kuma ba su cancanci dashe ba. FDA ta ba da taƙaitaccen izini a 2006, aka saka wa mutum ɗaya bayan nan a 2009, shi ke nan. Kamfanin ya koma ƙera ƙananan famfunan wucin gadi. Duk wanda ya ce muku zai samo wa majinyacinku wannan a yau, ku riƙe kuɗinku.

Rashin waya ma fa yana da nasa ciwon kai, wanda masu talla ba sa faɗa. Idan naɗin waje ya goce daga saitin na ciki, saboda juyi a barci ko gumi ya saki mannewar, wuta ta ragu. Wani kaso na wutar yana zama zafi a fata, ga shi ƙa'idar na'urorin da ake binnewa ba ta yarda naman da ke kewaye ya ƙara zafi fiye da digiri biyu ba. Batirin ciki yana tsufa da yawan caji, kuma canja shi tiyata ce. Kwamfutar sarrafawa idan ta samu matsala tana cikin ciki, ba a aljihu ba. Mai waya yana yawo da kwamfutar ajiya a jaka, ya cire wannan ya jona waccan. Marar waya ba shi da wannan gatan. Shi ya sa lokacin da Dakta Yuri Pya ya saka famfon Jarvik 2000 mai cajin kamfanin Leviticus Cardio a Astana ta Kazakistan a ƙarshen 2018, wanda ake caja shi da wata ɗamara da ke zagaye ƙirji, sai da aka bar wata ƙaramar mahaɗar waya a bayan kunne don ko-ta-kwana.

Ta Faransa da ta Ostireliya

Waɗannan biyun su ne sababbin jini, dukansu na lantarki, dukansu har yanzu da waya guda ta ciki, kuma hanyoyinsu sun yi hannun riga.

Aeson ta kamfanin Carmat tunanin Farfesa Alain Carpentier ce, shahararren likitan bawul ɗin zuciya, tare da injiniyoyin masana'antar jiragen sama. Damuwarsa gudan jini ce, don haka duk inda jini zai taɓa ya shimfiɗa masa tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya, wanda aka sarrafa, bawul ɗin ma na naman dabba ne. Sakamakon haka majinyaci ba ya bukatar maganin tsinka jini mai ƙarfi kamar na sauran. Tana da na'urorin auna matsin jini a cikinta, idan mutum ya miƙe ya fara tafiya ta ƙara gudu da kanta. An fara saka ta ranar 18 ga Disamba 2013 a asibitin Georges-Pompidou na Faris, Turai ta ba ta izinin sayarwa a Disamba 2020, kuma ta haura mutum 100. Matsalarta nauyi da girma, giram 900, da yawan sassa. A ƙarshen 2021 sai da aka dakatar da saka ta na kusan shekara guda saboda lahani a wasu sassan. A tsakiyar 2025 kuma kamfanin ya rasa kuɗin gudanarwa ya shiga hannun kotu. Wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne ga wanda rayuwarsa za ta dogara da batir da kwamfutar da kamfani ɗaya tak ke ƙerawa a duniya.

BiVACOR kuwa ta jefar da kwaikwayon halitta baki ɗaya. Daniel Timms, injiniya ɗan Ostireliya wanda mahaifinsa mai gyaran famfo ne kuma ciwon zuciya ya yi ajalinsa, ya ƙera gwangwanin titaniyom mai nauyin giram 650 da abu ɗaya tak ke motsi a cikinsa: wani faifai mai fuska biyu. Fuska ɗaya tana da manyan haƙora masu tura jini zuwa jiki, ɗayar ƙanana masu tura shi zuwa huhu. Faifan ba ya taɓa komai, maganaɗisu ne ke riƙe shi a sarari yana juyawa, don haka babu gogayya, babu bawul, babu fatar da za ta tsage. Daidaita hagu da dama ma ya zo cikin sauƙi, domin faifan yana iya ɗan matsawa gefe gwargwadon matsin jinin da ke shigowa. Ana kuma iya ƙara masa gudu a rage a kai a kai don a samar da wani abu mai kama da bugu.

An fara saka ta ranar 9 ga Yuli 2024 a Houston, mutumin ya yi kwana takwas aka yi masa dashe. Mutum biyar na farko a Amurka duk sun kai ga dashe. A Nuwamba 2024 Dakta Paul Jansz ya saka wa wani mutum a asibitin St Vincent na Sidni, aka sallame shi a Fabrairu 2025, ya haura kwana 100 da ita kafin ya samu zuciyar ɗan Adam a Maris. Idan aka tambaye ni wane tsari ne zai kai ga zuciyar da aka binne ɗungum, wannan zan nuna: ƙarama ce, ba ta bukatar jakar iska, kuma abin da ya kashe Christerson babu shi a cikinta. Haɗa ta da cajin ta fata aiki ne mai yiwuwa. Amma tsari mai kyau daban, hujja daban. Watanni aka gani, ba shekaru ba, kuma sai ta hanyar shiga gwaji ake samunta. Mutum ba zai sayi tikitin jirgi ya je ya ce a saka masa ba.

Kafin a cire zuciya

Yawancin masu gazawar zuciya ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin galibi ɓangaren hagu ne ke gazawa. Ga irinsu akwai famfon taimako da likitoci ke kira LVAD: zuciyar mutum tana nan, a liƙa ƙaramin famfo a ƙasanta ya riƙa zuƙar jini yana zubawa a babbar jijiya. Wanda ya mamaye fagen yanzu shi ne HeartMate 3 na kamfanin Abbott, mai nauyin giram 200, shi ma faifansa a kan maganaɗisu yake shawagi. An amince da shi a Amurka a 2017, sannan a 2018 aka yarda a bar wa mutum shi na dindindin ko da ba za a yi masa dashe ba. A babban gwajin da aka yi, kashi 58 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, idan aka kwatanta da kashi 44 na famfon da ya gabace shi. Batir biyunsa suna kaiwa har sa'a 17. Babu wata zuciyar roba cikakkiya da ke da hujja ko kusa da wannan.

Yana da waya, kuma wayar ita ce rauninsa. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana samun ƙwayar cuta a bakin hudar cikin shekara biyu. Kula da wurin aiki ne na kullum: a wanke hannu, a sa safar hannu da takunkumi, a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta daga tsakiya zuwa waje, a rufe da sabon bandeji, a ɗaure wayar a jikin fata don kada ta motsa, domin fizga ɗaya idan jakar batir ta faɗi tana iya yage naman da ya kama ta, daga nan cuta ta samu hanya. Babu shiga kogi ko kwarmin wanka. Watsa ruwa ma sai rauni ya warke, kuma da jaka ta musamman. Yadda Musulmi zai yi da wankan wajibi a wannan hali magana ce da ya kamata a kai wa malami da likita tun kafin tiyata. Ga shan maganin tsinka jini na warfarin har abada tare da gwajin jini a kai a kai, ga zubar jini a hanji da ke damun wasu saboda juyin famfo yana lalata wani sinadarin da ke taimaka wa jini daskarewa.

Duk da haka yana da fifiko guda da ya shafe mu kai tsaye. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon gazawar zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya jagoranci tattara bayanan masu shi a faɗin ƙasar. Wani kaso na waɗannan mata zuciyarsu tana farfaɗowa bayan watanni. Haka ma wasu da ƙwayar cuta ta kumbura musu tsokar zuciya. Famfon taimako ana iya cire shi ko a kashe shi idan zuciya ta dawo. Zuciyar roba cikakkiya kuwa sai an yanke ɗakuna biyu na ƙasan zuciyar an fitar, babu komawa. Matashiyar da ta haihu wata uku da suka wuce, ni dai ban ga dalilin da zai sa a yi gaggawar cire mata zuciya ba muddin ɓangaren damanta yana motsi. Kafin ma a kai ga inji, sai an tabbatar an ba magungunan zamani na gazawar zuciya haƙƙinsu, domin da yawa a nan suke tsayawa.

To ina aka dosa?

Tambayar farko ga likita ita ce halin ɓangaren dama. Idan yana aiki, HeartMate 3 ne zaɓi, kuma tazarar da ke tsakaninsa da sauran ba kaɗan ba ce. Idan duka ɓangarorin sun gaza, ko bangon da ke tsakaninsu ya fashe, ko zuciyar da aka dasa a baya jiki ya ƙi ta, sai a shiga maganar cikakkiya. A nan SynCardia ce mai tarihi, ga wanda zai jure ƙara da bututu biyu. Aeson ta fi ta shiru da sauƙi ga jini, ga mai faffaɗan ƙirji da ke zaune a Turai, bayan an samu amsa gamsasshiya a kan wanda zai ci gaba da samar da kayanta. BiVACOR ga wanda ya dace da gurbin gwaji. Dukansu ukun gada ce zuwa dashe, kuma dashen shi ne har yanzu ya fi komai: rabin manyan da aka yi wa suna haura shekara 12. Christiaan Barnard ne ya fara shi a Afirka ta Kudu a Disamba 1967, kuma babbar matsalarsa a yau ita ce ƙarancin zuciyoyin da za a dasa. Baƙo kuma a yawancin ƙasashe bayan ɗan ƙasa yake a layi. Saka wa mutum gada alhali babu tabbacin ƙasar za ta sa shi a layin dashe, ajiye shi ne a tsakiyar ruwa, don haka a nemi wannan amsar a rubuce kafin a biya ko kwabo.

Sai tambayar dawowa gida, wadda iyalai kan bari sai an kusa sallama. Kuɗin tiyatar kaɗai ya kan kai dubban ɗaruruwan daloli a Amurka da Turai, amma ɗawainiyar bayanta ce ba ta ƙarewa: batura suna tsufa, bandeji na musamman ne, kwamfutar sarrafawa sai mai na'urar karanta ta ne zai duba ta. Cibiyoyin da ke saka waɗannan na'urori sukan so majinyaci ya zauna inda zai iso gare su cikin 'yan sa'o'i, tare da mutum guda da aka horar wanda ba ya nisa da shi. Da dare ana jona injin da wutar bango. A ƙasashen da ake wannan aikin har kamfanin wuta ake sanarwa don ya ba gidan fifiko idan an samu matsala. A Kano ko Maraɗi ko Zinder, inda ɗauke wuta ba labari ba ne, sai an tanadi sola da inbata da janareta, kowanne yana tsaron bayan ɗan'uwansa, kuma a ajiye batura inda zafin bazara ba zai dafa su ba. Gumi da ƙurar hunturu ma ba abokan hudar ciki ba ne.

Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata duk gida da maƙwabta su sani. Mai famfo mai juyawa sau da yawa ba a jin bugun jini a wuyan hannunsa ko a wuyansa, na'urar awon hawan jini ta gida ma ta kan kasa karanta komai, alhali yana zaune yana hira. Idan irin wannan mutum ya suma a masallaci ko a kasuwa, wanda ya taɓa hannunsa zai iya cewa rai ya yi halinsa, mu kuma ba ma jinkirta jana'iza. Ya riƙa yawo da kati a wuya, da Hausa da Turanci ko Faransanci, mai bayanin cewa yana da famfo a ƙirji, a kara kunne a ji ƙugin injin, a duba fitilar kwamfutar da cajin batura, kada a yanke ko a ja wata waya, a kira lambar cibiyar da ke jikin katin. Wanda aka saka wa cikakkiyar zuciyar roba kuma danna masa ƙirji ba ya amfana komai, injin da ke cikin jakarsa ne abin dubawa.